Hannun Daman Inna Balki

Inna Balki tana kan dabino na talatin da bakwai lokacin da ƙanenta, Kawu Yahaya, ya yi sallama ya shigo tsakar gida.

Kwana ashirin ke nan da ciwon ya kayar da ita, washegarin ƙaramar Salla, ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Magana ta dawo, sai ɗan nauyin harshe. Ƙafar tana takawa idan an riƙe ta. Hannun ne ya ƙi, hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da basilla yana ɗinkin fata a tsohon garin Agadez. Tana zaune bisa kujera a inuwar katanga. An kife turmi a gabanta an ɗora faifai, kwano biyu a kai, tana ɗaukar dabino ɗaya bayan ɗaya daga wannan kwano tana kai wa wancan. Hannun hagu mai lafiya ta cusa shi ƙarƙashin mayafi don kada ya yi shisshigi. Gumi na bin wuyanta. Dabino kusan goma sun zube a ƙasa. Surukarta Munira na zaune bisa tabarma, hannuwa a cinya, tana ƙirga mata.

Seydou, ɗanta na fari, ya dawo daga butik ɗinsa, wato kantinsa, cin abincin rana, yana tsaye a bakin ɗaki yana kallo. Da idonsa ya ga babban yatsa da manuni sun buɗe, sun rufe a kan dabino, sun ɗaga. Kwana goma da suka wuce ko motsi ba sa yi.

"Me nake gani haka?" in ji Kawu Yahaya.

"Aiki nake yi. Kauce, ka tare min haske," in ji Inna.

Dabinon ya suɓuce ya gangara har gaban takalmin Kawu. Munira ba ta tashi ba, don an ce mata kada ta tashi. Kawu ya dubi dabinon, ya dubi Munira, ya ce wa Seydou ya same shi a zaure.

"Uwarka ce wannan, ko baiwa kuka samu?"

"Kawu, kine ce ta ce a yi haka. Mai koya wa gaɓoɓi aiki, can gidan likita. Ta ce sai hannun ya yi da kansa."

"Ƴar wa ce kinen? Ta san wace ce Balki a garin nan? Matar da ta ɗinka wa rabin amaren unguwar nan matasan kai na fata, yau ita ce ke gumi tana tsintar dabino, matarka ta naɗe hannu tana ƙirga mata kamar mai gadin fursuna! Gobe Juma'a. Da an sauko masallaci liman da dattawa za su biyo dubiya. Haka za su same ta? Wanda ya gani ba zai ce kine ba. Cewa zai yi ɗan Balki ya gaji da uwarsa tun ba a yi wata ba."

Seydou ya sunkuyar da kai. Kawu ya sassauta murya, ya dafa kafaɗarsa.

"Ta wahala a kanku, yaro. Lokacin hutunta ne. Ciwo na Allah ne, lafiya ma tasa ce. Naka shi ne ka ɗauki ludayi ka ba ta da hannunka."

Da Seydou jahili ne da labarin ya zo da sauƙi. Amma ya yi lakwal, makarantar boko, har aji na tsakiya, kuma yana wurin ranar da Madam Ramata, kinen, ta fara ganin Inna. Yarinya ce siririya da ta yi karatu a Yamai. Ba ta fara da taɓa hannun ba, sai ta tambayi Inna me take so hannun ya koma yi.

"Basilla," in ji Inna. "Akwai alaben kuɗi da na fara, jar fata, na ce sai na gama shi kafin bikin Biyanu."

"Ba zan yi miki alkawarin Biyanu ba, Inna. Amma yatsun nan suna amsawa, alama ce mai kyau."

Daga nan ta juya ga Seydou ta yi masa bayani dalla-dalla. Ciwon ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Hanyar da saƙo ke bi ce ta yanke, kuma ƙwaƙwalwa tana iya fitar da wata, amma sai an yi ta bin ta, sau ɗari, sau ɗari biyu, kullum. Ta ce an gwada wannan a kan marasa lafiya masu yawa a ƙasashe dabam-dabam, an kwatanta waɗanda suka yi ta maimaita aiki da hannunsu da waɗanda ba su yi ba, kuma masu maimaitawar ne suka fi samun hannu. Ta ce watanni ukun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo. Ta rubuta masa a takarda: dabino safe da yamma, tashi daga kujera a zauna, taku zuwa bayan gida da mai riƙo, cin abinci da kanta ko da zai zube. A ƙasa ta ja layi biyu: kada a yi mata abin da za ta iya yi, kada a ja hannun daga kafaɗa. Ya karanta, ya gane, har ya yi tambayoyi. Sannan ya fita neman adaidaita ya bar su su biyu suna hira.

Takardar tana aljihun rigarsa lokacin da Kawu ke magana a zaure. Tana nan kuma bayan la'asar, lokacin da ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, na biya wurin kine. Ta ce jikin ya gaji. A huta tukuna."

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. Mai butik take ce masa. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ita ta ce haka, Mai butik?"

"Ita ta ce."

"To. Munira, kwashe dabinon nan kada tururuwa ta riga mu."

Washegari aka shimfiɗa sabon zanen gado, aka sa wa Inna rigarta ta shuni, aka jingina ta da matasan kai uku da ita ta ɗinka su. Aka turara ɗakin. Da aka sauko Juma'a dattawa suka shigo, liman a gaba. Seydou ya zauna a bakin gado da ƙwaryar fura, yana ɗiba da ludayi yana kai wa bakin uwarsa, yana goge mata haɓa da gefen hannun rigarsa. Wani tsoho ya share ido.

"Haihuwa ta yi rana," in ji liman. "Allah ya yi maka albarka, Seydou. Allah ya ba ka masu yi maka."

Seydou ya ji daɗin maganar har cikin ƙashinsa. Wannan shi ne abin da daga baya ya kasa yafe wa kansa. Ba tsoron Kawu kaɗai ba ne. Ya ji daɗi.

Don kada a ce an bar ta ba magani, Kawu ya kawo Mourtala mai tausa. Mutum ne mai fara'a, yana sa farar riga irin ta ma'aikatan gidan likita, ko da yake babu wanda ya san inda ya yi karatu. Yana da jar fitila mai doguwar ƙafa da kwalbar mai mai ƙamshin na'ana'a. Ya ce jini ne ya daskare, zafi zai narkar da shi. Sau uku a mako yana zuwa, ya kunna fitilar a kan hannun, ɗakin ya yi ja, maƙwabta su leƙo su ce lalle yanzu ake magani. Sai ya mulke hannun da mai, ya kama wuyan hannun ya ɗaga sama ya ja, Inna ta cije leɓe. Ran da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, sai a zauna a sha shayi a jira.

"Da daɗi dai," in ji Inna, ran da Seydou ya tambaye ta. "Kamar an gasa min shi za a ci. Amma ni ke kwance, shi ke aiki. Ko shi ne mara lafiyar?"

Kowa ya yi dariya, har Mourtala.

A makon farko tana neman a kai ta bayan gida. Tafiyar taku goma sha biyar ce, amma tana cin kusan rabin awa, ga tukunya bisa wuta, ga wanki. Munira ta kawo fo ta ajiye ƙarƙashin gado. A mako na biyu Inna ta ce a bar ta ta ɗaura ɗankwalinta da kanta. Munira ta ɗaura mata kafin ta rufe baki. A mako na uku ta daina tambaya.

Wata safiya Seydou ya tarar da Munira tana wanke kwanukan nan biyu, ya ce, kamar wanda abin ya faɗo masa yanzu, "Da kin riƙa ba ta dabinon ko kaɗan, idan ba kowa."

Munira ta ajiye kwanon.

"Ni? Don Kawu ya sake shigowa? Ka san abin da matan unguwa suka ce da ni a gidan suna? Sun ce ni ce na sa uwar mijina tsinta ina zaune. Har uwata aka kai wa maganar. Kai ka ce kine ta ce a huta. In ba ta ce ba, sai ka je ka faɗa wa Inna da bakinka."

Bai je ba. Ya ce wa kansa zai bari ƙurar ta lafa, mako ɗaya ko biyu. Ya ce wa kansa zafin bana ya yi yawa, tsohuwa mai tansiyo, hawan jini, ba ta gumi a irin wannan zafi. Ya ce wa kansa ai fitilar ma wani abu ce. Sau huɗu sunan Madam Ramata ya fito a salularsa, sau huɗu ya kife ta a kan buhun sukari.

Ana saura kwana goma Babbar Salla, Madam Ramata ta zo butik ɗin da kanta. Ya ɗago daga awon ganyen shayi ya gan ta tsaye, hular kwano ta hawa moto a hannu.

"Dabinon Fachi nake so, kilo ɗaya," ta ce. "Irin wanda Inna ke aiki da shi. Ta kai nawa yanzu?"

Ya hau zuba dabino a sikeli, ya ce mata sun samu wani mai yi mata a gida, da fitila da tausa. Ta tambaya ko tana tashi tsaye. Ya ce tana hutawa. Ta tambaya wa ke ba ta abinci. Ya ce shi, da ɗan alfahari da bai yi niyya ba.

"Bon," in ji ta. "Malam Seydou, ni ma da na fara aiki ina kunna fitilar nan, don haka na tarar ana yi, kuma mutane suna so. Sai na koma na karanta abin da aka gwada. Tana ɗumama fata, tana iya rage ciwo na ɗan lokaci. Ban ga inda aka nuna tana koya wa yatsa riƙe cokali ba. Tausa ma haka. Abin da aka nuna yana aiki shi ne wanda ba shi da kyan gani: tsohuwa tana gumi, abinci yana zuba, ƴaƴanta suna kallo ba su taimaka ba. Na san da nauyi. Ba ku ne gidan farko ba."

"Madam, ke ba ki san unguwarmu ba. Mutane suna magana, ga kawuna kuma."

"Suna yi. Mutanen za su zo su buɗe mata yatsu in sun rufe? An ci wata biyu. Ba a makara ba, amma kowane mako yana tafiya da wani abu. Ka kawo ta ranar Litinin. In zuwa ne da wuya, ni zan zo gidan in yi wa kawun naka bayani."

"A'a, kada ki zo. Zan kawo ta."

"Litinin?"

"In sha Allahu."

Ranar Litinin motar albasa ta iso daga Tabelot da kayan wani abokinsa, ya ce dole ya taya shi saukewa. Litinin ta gaba Salla ce. Wadda ta biyo baya, ya ji kunyar zuwa bayan ya saɓa sau biyu. Daga nan sai kunyar ta zama dalili mai zaman kanta. Duk ranar da ta wuce sai zuwan ya ƙara nauyi, don zai je ne da hannun da ya fi na jiya lalacewa, kuma za a tambaye shi.

Juma'a kuwa ba ta fashi. Labarin ya kai har kasuwa. Masu sayen sukari suna ce masa ɗan albarka. Wani ya kawo ƴaƴansa biyu dubiya musamman don su ga yadda ake yi wa uwa.

Inna ta fara raguwa. Cinyoyinta suka zube. Ran da aka ɗaga ta don a canja zanen gado, ƙafar da a da take takawa ta lanƙwashe kamar igiya. Kafaɗar ta fara ciwo, har ta hana Mourtala taɓa ta, ya ce alamar jini ya fara gudu ne. Gwiwar hannun ta naɗe ta manne da ƙirji. Yatsun suka fara dunƙulewa, kaɗan kaɗan, kamar mai ɓoye wani abu a tafi. Barkwancinta ya ragu. Takan kwana biyu ba ta tsokani kowa ba.

Ranar Biyanu gari ya cika da ganguna. Matasa suka bi ta lungunsu da rawuna da ganyen dabino, ƙarar tana girgiza ƙyauren gidan. Seydou ya shigo ya same ta ta juya fuska ga bango, inda kwandon aikinta ke rataye. Jar fatar alaben ta leƙo daga bakin kwandon, basilla a soke a inda ɗinkin ya tsaya.

"In sauko miki da shi ki gani, Inna?"

"Bar shi. Kine ba ta ce a tashi ba tukuna, ko?"

"Tukuna."

"To."

Ya fita zaure ya tsaya. Takardar tana cikin alabensa na kuɗi, wanda ita ta ɗinka masa, ta yi laushi don naɗewa da buɗewa. Bai taɓa iya yar da ita ba. Yakan buɗe ta a butik idan ba kowa, ya karanta, ya mayar.

A wata na biyar, Munira ta kira shi da hantsi. Ta zo yi wa Inna alwala ta kasa buɗe hannun. Farata sun nutse cikin tafin, wurin ya yi fari ya jiƙe, yana wari. A kwankwason kuma fata ta fara salewa. Wannan karon babu sauran dabara. Ya nemo adaidaita, shi da Munira suka ɗauke ta kamar jaririya, suka nufi gidan likita.

Bayan an wanke miyakun aka tura su ɗakin kine. Madam Ramata ta ɗago ta gan su. Ta durƙusa gaban keken da aka ɗora Inna, ta gaishe ta, ta ɗauki hannun a hankali, ta gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta gwada gwiwar hannu, ta taɓa kafaɗar. Inna ta yi ƙara.

"Ƴar Yamai," in ji Inna da ta samu numfashi, "hutun nan naki bai ƙare ba? Wata huɗu fa."

"Wane hutu, Inna?"

Munira ta dubi ƙasa. Fanka na juyawa a sama. Madam Ramata ta dubi Seydou sau ɗaya, ta mayar da idonta kan hannun.

"Ki faɗa min gaskiya," in ji Inna. "Na gaji da lallashi."

"Ƙafa za mu yi aiki a kanta. Da naci ina sa ran ki tsaya, wataƙila ki taka da sanda. Kafaɗar za ta lafa in an daina ja. Hannun za mu buɗe shi ya wanku, kuma ana samun ci gaba ko bayan watanni, ba na rufe ƙofa. Amma jijiyoyin sun gajarce."

"Basilla fa?"

Madam Ramata ta mayar da hannun bisa cinyar Inna a hankali.

"Ba na zato, Inna."

"Da an ci gaba da dabinon fa?"

"Allah kaɗai ya san inda za a kai. Amma yatsun suna buɗewa a lokacin. Ni na gani."

"Shi ma ya gani," in ji Inna.

Da suka isa gida suka kwantar da ita, Munira ta fita ɗora ruwa. Seydou ya durƙusa a inda ya durƙusa wata huɗu da suka wuce.

"Seydou."

Shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ranar da ka fita neman adaidaita, yarinyar nan ta ce min: Inna, duk wanda ya ce miki ki huta, ba daga bakina ya ji ba. Tun ranar da ka durƙusa nan na san ƙarya kake yi."

"Inna, don me ba ki..."

"In ce me? In ce ɗana maƙaryaci ne, Yahaya ya ji, liman ya ji? Ka zo da ludayi gaban dattawa, fuskarka tana haske. In ture? Na ce zai ji kunya gobe. Gobe ta yi, na ce jibi. Kai kana tsare sunanka, ni ma ina tsare maka shi. Mu biyu muka taru a kan hannun nan."

Ya kifa goshinsa a bakin gadon. Yana so ta zage shi. Yana so ta ce ta yafe. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Tashi, kuka ba ya buɗe yatsa. Sauko min da kwandon."

Ya sauko da shi. Ta sa ya zare basillar, ya shimfiɗa jar fatar bisa katakon yanka. Ta nuna masa da haɓa inda zai sa wuƙa, tsakiyar adon da ta kwana tana zanawa kafin ciwon.

"Inna, alaben ne fa."

"Na san ko mene ne, ni na yi shi. Faɗin yatsa biyu. Miƙe wuƙar, kana yanka kamar mai yankan albasa. Yarinyar ta ce a ɗaura min ludayi a hannu da maɗauri. Ba za a ɗaura min roba ba ina da fata."

Ranar Juma'a dattawa suka shigo kamar kullum, suka tarar gadon babu kowa. Inna tana tsakar gida bisa kujera, matashi ƙarƙashin gwiwar hannunta, kifaffen turmi a gabanta da ƙwaryar fura a kai. An ɗaure ludayi a dunƙulallen hannunta da jar fata. Munira na gefe bisa tabarma. Seydou na zaune a ƙasa, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

Ludayin ya nutsa, ya taso yana rawa. Kafin ya kai rabin hanya furar ta zube bisa rigar shuni.

"Kai!" in ji Kawu Yahaya. "Ba ka gani ne? Karɓi ludayin nan!"

Seydou bai motsa ba.

"Da kai nake! Gaban liman za ka kunyata mu?"

"Kawu, kine ba ta taɓa cewa a huta ba," in ji Seydou, bai ɗago ba. "Ni na ƙirƙira. Ni na kashe hannun nan da ludayi, kuna sa min albarka."

Liman ya yi gyaran murya, ya yi addu'a gajeriya. Dattawa suka fara neman takalmansu. Kawu ya fita yana cewa an shiga tsakanin yaron nan da hankalinsa. Inna ko kallonsu ba ta yi ba.

"Na nawa, Munira?"

"Na huɗu, Inna."

"Nawa suka kai baki?"

"Ko ɗaya."

"To, matso da ƙwaryar."

Kafin sanyi ya shigo Inna ta tsaya da ƙafarta. Yanzu tana kai kanta bayan gida da sanda, tana shan furarta da jan maɗaurin, rabi a baki rabi a zane. Yatsun sun buɗe daidai a wanke tafin, daga nan ba su ƙara ba. Masu dubiyar Juma'a sun ragu. A unguwa, idan hira ta biyo ta kan ƴaƴa da iyaye, sai a ce Seydou ya fara da kyau, watanni huɗu babu kamarsa, daga baya ne zuciyarsa ta bushe. Yana ji, ba ya gyara musu.

Basillar kuwa Inna ba ta bari an mayar da ita kwando ba. Ta sa shi ya soke ta a jikin katanga, daidai bakin ƙofar da yake bi kowace safiya zuwa butik, daidai tsayin idonsa.